Wace Ɓaraka Za a Fara Toshewa Idan Ba Za a Iya Toshe Duka Ba?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutoci da hanyar sadarwa a wani kamfani mai ma'aikata kusan 200, kuma mu biyu ne kacal a sashen. Mun saka manhajar da ke binciko raunin tsaro, sai ta fito mana da rahoto mai ɗauke da matsaloli sama da 3,000, kusan 400 daga ciki da jan launi, wai su ne masu matuƙar haɗari. Shugabana ya ce a gyara jajayen duka kafin ƙarshen wata. Ko barci muka daina ba za mu iya ba, kuma wasu gyare-gyaren sai an kashe na'urorin da ake aiki da su. Ta ina ya kamata mu fara, kuma yaya zan yi wa shugabanni bayani?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka daidai, tambayarka kashi biyu ce. Na farko, da wane ma'auni za ka jera waɗannan matsaloli tunda ƙarfinku bai kai ya ɗauke su gaba ɗaya ba. Na biyu, ta yaya za ka gamsar da mutumin da ba ya taɓa na'urorin amma shi ke da ikon yanke hukunci a kansu. Tushen amsar duka biyun ɗaya ne: jan launin da ka gani yana auna munin ɓarakar ne a karan kanta, ba ya auna haɗarin da take jawo wa kamfaninku, kuma tsakanin waɗannan biyu akwai tazara mai faɗi. Duk wanda ya jera aikinsa bisa launi kawai zai ƙare watansa a gajiye, ya rage adadin da ke cikin rahoto, amma ta yiwu ƙofar da za a bi a shigo masa tana nan a buɗe.

Inda jan launin ya samo asali

Kusan duk manhajojin bincike suna dogara ne da abubuwa biyu. Akwai lambar CVE, wato rajistar da ƙungiyar MITRE ta Amurka ta fara a 1999, inda ake ba kowace ɓaraka da aka bayyana wa duniya lamba ta musamman. Sai kuma makin CVSS, wanda ƙungiyar FIRST ke kula da shi, daga 0 zuwa 10. Daga 4.0 zuwa 6.9 matsakaici ne, daga 7.0 zuwa 8.9 babba ne, daga 9.0 zuwa 10 kuma shi ne mafi muni, kuma galibi shi ake shafa wa ja. Makin yana duba abubuwa irin su: ana iya kai harin daga nesa ko sai an zo kusa da na'ura, sai maharin yana da kalmar sirri ko ba ya buƙata, sai wani ma'aikaci ya latsa wani abu ko harin na tafiya da kansa, sannan idan ya yi nasara me zai iya gani, canzawa ko tsayarwa.

Waɗannan tambayoyi ne masu kyau, amma wanda ya ba da makin bai taɓa ganin kamfaninku ba. Bai san ko na'urar tana kallon intanet ko tana kulle a ɗakin gwaji ba, bai san ko albashin ma'aikata ke kanta ko babu komai ba. Masu tsara CVSS da kansu sun fayyace cewa makin tushe tsanani yake aunawa, kuma sun tanadi wasu sassa na ƙari da kowane kamfani zai cike bisa yanayinsa. Sai dai a aikace kaɗan ne ke cike su, manhajar bincike kuma makin tushen take nunawa. Ɓarakar Heartbleed ta 2014, wadda ta sa aka yi ta canza makullan sirri da takardun shaida na shafuka a faɗin duniya, maki 5.0 ta samu a tsarin CVSS na wancan lokaci. Da a rahotonka ta fito, da tana can ƙasa cikin matsakaita, wataƙila ma ba za ka kai gare ta ba a wannan watan.

Ka kuma sani cewa rahoton ba zai taɓa komawa sifili ba. A shekarar 2024 kaɗai an wallafa lambobin CVE sama da 40,000. Microsoft na fitar da faci, wato gyaran da ke toshe ɓaraka a manhaja, a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, sauran kamfanoni ma kowa da jadawalinsa. Kafin ka gama 400 ɗin nan wasu sun shigo layi. Saboda haka aikin da ke gabanka shi ne ka samar da hanyar zaɓe da za ku riƙa bi kowane mako.

Shin ana kai hari da ita a halin yanzu?

Wannan ita ce tambayar da nake fara yi wa kowane rahoto, domin ita ce ta fi saurin rage tsawonsa. Mafi yawan ɓarakokin da aka wallafa ba a taɓa samun shaidar an yi amfani da su wajen kutse ba. Masu kutse ma mutane ne masu neman sauƙi. Sukan yi dafifi a kan ƴan tsirarun da ke da kayan aiki a shirye, waɗanda kuma ke cikin manhajojin da kowa ke amfani da su.

Akwai hanyoyi biyu na kyauta da za su taimake ka. Hukumar CISA mai kula da tsaron intanet a Amurka ta fara wallafa kundin KEV a watan Nuwamba na 2021, wanda ke ɗauke da ɓarakokin da aka tabbatar ana kai hari da su. A umarnin da ya zo da kundin, an ba hukumomin gwamnatin tarayyar Amurka makonni biyu su toshe sababbin da aka saka, tsofaffin kuma wata shida. Wannan umarni bai hau kanku ba, amma kundin na kowa ne, kuma har zuwa 2023 da ɗan abin da ya haura 1,000 kawai ke ciki, alhali lambobin CVE sun daɗe da wuce dubu ɗari. Na biyu shi ne EPSS, shi ma na FIRST, wanda ke ƙiyasta yiwuwar a kai hari da wata ɓaraka cikin kwanaki 30 masu zuwa, ana kuma sabunta shi kullum. Bambancinsu shi ne KEV yana faɗin abin da ya riga ya faru, EPSS kuma hasashe ne. Ni na fi ba KEV nauyi, ina amfani da EPSS wajen jera waɗanda ba su shiga kundin ba.

A aikace, ka fitar da rahotonka zuwa jadawali, ka sauko da kundin KEV, ka haɗa su ta lambar CVE. Yawancin manhajojin bincike na yanzu ma suna da wurin tace wannan kai tsaye. Ka tace dukkan 3,000 ɗin, kada ka tsaya kan jajaye, domin za ka tarar da wasu masu maki 7 da ɗoriya a cikin kundin, ka kuma tarar da masu 9.8 da yawa da ba sa ciki. Wani abin da zai sanyaya maka rai shi ne 3,000 ɗin nan ba ayyuka 3,000 ba ne. Idan tsohuwar burauza ɗaya tana kan laftof 150 kuma tana da ɓaraka goma, manhajar za ta ƙirga 1,500, alhali sabuntawa ɗaya ce za ta share su. Ka jera aikin bisa faci, ba bisa layin rahoto ba.

Inda na'urar take da aikin da take yi

Nan ne aikin ya fi nauyi, kuma babu manhajar da za ta yi maka shi. Makullin ɗakin ajiya na can cikin gida da makullin ƙofar waje suna iya lalacewa iri ɗaya, amma mai gida ya san wanda zai fara kiran kafinta a kansa. Duk abin da ake iya isa gare shi daga intanet shi ne sahun gaba: na'urar VPN da ma'aikata ke bi su shiga hanyar sadarwar kamfani daga nesa, katangar tsaro mai tace abin da ke shiga da fita, sabar imel (saba ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran hidima), shafin da abokan ciniki ke shiga, manhajar aika manyan fayiloli, da duk wata hanyar shiga kwamfuta daga nesa. Masu kutse suna da manhajojin da ke zagaye intanet ba dare ba rana suna ƙwanƙwasa irin waɗannan ƙofofi, kuma ba ruwansu da girman kamfani ko ƙanƙantarsa. Hare-haren da aka kai kan sabobin Microsoft Exchange a watan Maris na 2021, da na manhajar aika fayiloli ta MOVEit a tsakiyar 2023, duk ta wannan sahu suka bi, kuma sun rutsa da manya da ƙanana.

Bayan su sai na'urorin da ke riƙe da ikon sauran, wato sabar da ke tantance sunaye da kalmomin sirri na ma'aikata, na'urar da ke ɗauke da kwafin ajiya, da kwamfutocin ku biyu masu ikon gudanarwa. Waɗannan ba sa kallon intanet, amma wanda ya kama su ya kama komai. Kada kuma ka ɗauka cewa na'urar ciki ta tsira don kawai tana ciki. Ma'aikaci ɗaya ya buɗe wasiƙar yaudara, maharin ya zama ɗan gida. Harin WannaCry na 12 ga Mayu, 2017 ya bazu ne daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta tsohuwar hanyar musayar fayiloli ta Windows, ya tsayar da aiki a asibitoci da dama a Ingila, alhali facin ya fito tun 14 ga Maris, kusan wata biyu kafin nan.

Sai batun tasiri ga kasuwanci, wanda mu masu fasaha muka fi yin sakaci da shi, domin amsarsa ba a ɗakinmu take ba. Abin da nake yi shi ne in zauna da shugaban kowane sashe na ɗan lokaci, in yi masa tambayoyi da harshensa. Idan wannan manhaja ta tsaya da safe, zuwa ƙarfe nawa aikinku zai tsaya cik? Akwai hanyar yi da hannu, kuma kwana nawa za ku iya jure ta? Idan bayanan da ke ciki suka fita waje, wa za ku kira ku ba haƙuri, kuma wace doka ko yarjejeniya aka karya? Idan wani ya canza lamba ɗaya a ciki ba ku sani ba, yaushe za ku gane? Tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi sa mutanen sashen kuɗi gyara zama. Daga amsoshin sai ka raba na'urorin gida uku kawai: waɗanda kamfani ba zai yi kwana ɗaya babu su ba, waɗanda zai daure mako guda, da sauran. Rabo mai hawa bakwai ko goma yana da kyau a takarda, amma mutum biyu ba za su iya riƙe shi ba.

Bari in kawo maka layi biyu irin waɗanda nake yawan gani a rahoto ɗaya. Na farko mai maki 9.8 ne, a kan sabar gwaji da masu rubuta manhaja ke amfani da ita, ba ta da hanyar intanet, bayanan da ke cikinta na ƙirƙira ne, kuma ɓarakar ba ta cikin KEV. Na biyu mai maki 7.5 ne, a kan na'urar VPN da duk ma'aikata ke shigowa ta cikinta daga gida, yana ba mahari damar karanta bayanan shiga ba tare da kalmar sirri ba, kuma yana cikin KEV. Rahoton zai ɗora na farko a sama da ja, ya bar na biyu a shafi na goma sha wani abu. Ni kuwa na biyun zan yi a daren yau, na farkon ya jira zagayen wata. Sharaɗi ɗaya ne: sai na je na tabbatar da idona cewa sabar gwajin da gaske ba ta da hanyar waje, kuma babu wanda ya kwafo rumbun bayanan abokan ciniki na gaskiya ya zuba mata don gwaji, domin hakan na faruwa fiye da yadda ake zato.

Duk wannan lissafi ya rataya ne a kan sanin abin da kuke da shi. Na taɓa duba wani kamfani da rahotonsa ya yi kyau ƙwarai, sai da muka binciki adireshinsu daga waje muka ga wata tsohuwar saba da aka kafa don wani aiki na wucin gadi, aikin ya ƙare, wanda ya kafa ta ya bar kamfanin, ita kuma tana nan tana amsa kira daga intanet. Ba ta cikin jerin da aka ba manhajar bincike, don haka ba ta taɓa fitowa a rahoto ba. Abin da ya sami kamfanin Equifax na Amurka, mai tattara bayanan bashin mutane, a 2017 yana da wannan kama: facin Apache Struts, manhajar da aka gina wani shafinsu da ita, ya fito a farkon Maris, an aika sanarwa a cikin kamfanin, an yi bincike bai gano na'urar da ke da raunin ba, masu kutse suka shiga a watan Mayu, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli, bayanan mutane kusan miliyan 147 suka fita. Ɓarakar Log4Shell ta Disamba 2021, mai cikakken maki 10, ta ƙara fito da wannan matsala, domin guntun manhajar da ke da raunin yana ɓoye ne cikin wasu manhajoji, kamfanoni da yawa suka shafe makonni suna neman inda yake kafin su yi maganar gyara. Idan da zan zaɓar muku aiki ɗaya na makon farko, to shi ne ku rubuta duk abin da ake gani daga intanet da sunan kamfaninku, da wanda ke da alhakin kowanne.

Idan faci ba zai yiwu yanzu ba

Ka ambaci na'urorin da sai an kashe su, kuma damuwar tana da tushe. Faci ma yana iya tsayar da aiki. A ranar 19 ga Yuli, 2024, sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani, ba tare da wani mahari ba. Don haka a gwada a ƴan na'urori tukuna, a tabbatar da kwafin ajiya mai aiki, a san yadda za a koma baya idan abin ya ƙi. Amma tsawon gwajin ya dace da haɗarin. Ga ɓarakar da ake kai hari da ita a na'urar da ke kallon intanet, gwajin sa'o'i ne. Jiran makonni biyu a nan ya fi facin haɗari.

Inda facin bai fito ba, ko na'urar ta tsufa har kamfanin da ya yi ta ya daina kula da ita, kamar Windows 7 da tallafinta ya ƙare a Janairun 2020, akwai matakan rage haɗari. Ana iya kashe sashen da ke da raunin idan ba a amfani da shi, a rufe tashar da ake bi a isa ga sashen a katangar tsaro, a taƙaita masu isa ga na'urar zuwa ƴan adireshi, a ware ta daga sauran hanyar sadarwa, a ƙara sa ido kan rajistar ayyukanta. Mafi arha duka shi ne kashe na'urar da ba wanda ke amfani da ita. Sai dai matakin wucin gadi yana da halin zama na dindindin idan ba a rubuta masa ranar ƙarewa ba.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa: faci yana rufe ƙofa ne, ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga. A lamarin MOVEit an fara kai harin kwanaki kafin facin ya fito a ƙarshen Mayu. A ɓarakar Citrix ta ƙarshen 2023, wadda aka yi wa laƙabi da Citrix Bleed, bayanan shiga da aka sace sun ci gaba da aiki bayan faci har sai an katse duk zaman da ke buɗe, wato an fitar da duk wanda ya riga ya shiga. Saboda haka duk ɓarakar KEV da ta daɗe a buɗe a na'urar waje, bayan faci a duba alamun kutse, a canza kalmomin sirri, sannan a sake bincike don a tabbatar gyaran ya kama, domin sau da yawa ana saka faci a manta ba a kashe na'urar an kunna ba.

Yadda za ka yi magana da shugabanka

Kada ka je masa da "ba za mu iya ba", kuma kada ka je masa da lambobin CVE. Umarninsa na a gyara jajaye duka ya fito ne daga mutumin da aka nuna wa launi ba a nuna masa wani ma'auni ba. Ka kai masa shafi ɗaya mai rukuni uku. Rukunin farko: waɗanda ake kai hari da su kuma suna na'urorin waje ko masu riƙe da iko, za a gama su cikin kwanaki kaɗan, ga kuma daren da ake buƙatar kashe na'ura. Na biyu: masu tsanani a na'urori masu muhimmanci, cikin wata guda. Na uku: sauran, a zagayen sabuntawa na yau da kullum. Kowane layi ya faɗi abin da zai tsaya idan an ci nasara a kansa, misali "biyan albashi" ko "karɓar oda", ba sunan manhaja kawai ba. Idan kana son tsari da aka riga aka rubuta don ka jingina da shi, akwai SSVC na jami'ar Carnegie Mellon, wanda CISA ma ke amfani da shi, yana bin kusan waɗannan tambayoyi ya kai ka ga hukunci.

Abu mafi muhimmanci a wannan zama shi ne wanda ke ɗaukar alhakin jinkiri. Idan shugaban sashen kuɗi ya ce ba za a taɓa sabarsu ba sai an rufe lissafin wata, yana iya zama da gaskiya, amma wannan hukuncin kasuwanci ne, kuma ba kai ya kamata ka ɗauke shi a kanka shiru ba. A rubuta ɓarakar, dalilin jinkiri, matakin wucin gadi, ranar da za a gyara, shi kuma ya sa hannu. A abin da na gani, da zarar an miƙa wa mutum biro, yakan samo daren da za a iya kashe na'urar.

Wannan hanya tana da iyakarta, kuma ya kamata shugabanka ya ji ta daga bakinka. KEV na zuwa ne bayan an riga an kai hari a wani wuri, kuma ya fi karkata ga abin da ya shafi hukumomin Amurka, don haka rashin ɓaraka a cikinsa ba shaidar aminci ba ne. EPSS hasashe ne, yana iya tashi cikin dare ɗaya, shi ya sa ake sake tacewa kowane mako. Ƙananan ɓarakoki biyu ko uku suna iya haɗuwa su zama babbar hanya, kuma jadawali ba ya nuna hakan, sai gwajin kutse da ƙwararre zai yi da izininku. Manhajar bincike ba ta ganin kalmar sirri mai rauni, ko ikon da aka ba ma'aikaci fiye da buƙatarsa, ko kuskuren da ke cikin manhajar da kuka rubuta da kanku. Haka kuma idan kuna karɓar kuɗi da katin banki, ƙa'idar PCI DSS ta wajabta saka faci mafi tsanani cikin wata guda da fitowarsa a na'urorin da abin ya shafa, kuma irin wannan wa'adi na doka ko yarjejeniya yana gaba da jerin da ka tsara, don haka ka tambayi mai kula da yarjejeniyoyin kamfaninku waɗanne ne suka hau kanku kafin ka kai wa shugabanka shafin.